Wane kamfani zan ɗauka don intanet na gida da layin waya a Garwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida a Jambutu, nan Garwa ta Kamaru. Akwai wayoyi shida a gidan, da talabijin da ake kallon YouTube a kai, da kwamfutar yarona mai ɗaukar darasi ta intanet. Kowa na sayen forfe ɗinsa na data daban, kuɗin ya yi yawa, ga rezo ba ya kamawa sosai a cikin ɗaki. Ina so in sa intanet guda ɗaya na gida, in kuma sake layin waya. Tsakanin MTN, Orange da Camtel, wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa an tare a sa'a, ya sanya albarka a gidan.

Babu kamfanin da ya fi a Garwa gaba ɗayanta. Akwai dai wanda ya fi a layinku, a ɗakin da za ka ajiye boks, wato na'urar da ke raba intanet a gida, da ƙarfe tara na dare. Shi kake nema, kuma gwajin kwana uku zai nuna maka shi. Dalili kuwa, intanet ɗin da ke zuwa ta iska daga turken eriya yake fitowa, duk mutanen unguwar da ke kan wannan turken kuma kwano ɗaya suke ci. Kamfanin da ke gudu kamar ruwa a Yelwa yana iya rarrafe a Jambutu, don kawai turkensa na nan ya cika da jama'a, ko yana bayan wani dogon gini. Saboda haka shaidar abokinka na kasuwa ba ta da amfani sosai a nan. Shaidar maƙwabcinka na jikin katanga ita ce mai nauyi.

Kafin maganar iska, ka fara tambayar fiba, wato intanet mai zuwa ta zaren gilashi har gida. Ka je ajans ɗin Camtel da cikakken kwatancen gidanka, ka tambaye su ko zarensu ya iso layinku, da nisan akwatin rabawa mafi kusa da ƙofarka. Kana iya dubawa da idonka ma: ƙaramin akwati ne a jikin sandar waya, siraran baƙaƙen wayoyi na fita daga cikinsa zuwa gidaje. In akwai shi kusa, kuma akwai gurbi a ciki, to ga gida mai yawan naka fiba ce zaɓin farko a ganina, don ba ruwanta da kaurin bango, yawanci kuma gudu ake sayar maka a wata maimakon a ƙirga maka giga. In babu, kada ka tsaya jiran "ana nan zuwa". Ka koma kan boks na 4G, irin Flybox na Orange da makamantansa na sauran kamfanoni, wanda ake sa wa sim a jona a wuta ya raba Wi-Fi a gida. Ƙaramin modem na aljihu mai batir na tafiya ne. In aka bar shi a caji dare da rana yana ɗauke da na'urori takwas, zafi zai kumbura batirinsa, eriyarsa kuma ba ta kai ta boks ba.

Ga yadda ake gwajin. Ka samo sim na kowane kamfani, ko aro a wurin maƙwabta ko ka saya, ka sa wa kowanne ƙaramin forfe. Waya ɗaya za ka yi amfani da ita ga dukkansu, don wayoyi sun bambanta wajen kama rezo, in ka gwada MTN a wannan, Orange a waccan, wayoyin ka gwada. Ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka auna a wuri huɗu: falo, ɗakin da kwamfuta za ta zauna, bakin tagar da ke kallon inda turke yake, da tsakar gida. Ka yi da safe, ka yi bayan azahar, ka yi tsakanin ƙarfe 8 da 11 na dare. Na daren nan shi ne alƙali, domin lokacin ne kowa ya dawo gida ya kama waya. Ka rubuta lamba uku a takarda kowane karo: gudun saukewa, gudun ɗorawa, da jinkiri, wanda manhajar ke rubutawa ping. Awon kansa yana cin data, inda rezo ke da ƙarfi karo ɗaya na iya lashe mega 100, don haka ka tanadi giga 2 ko 3 a kowane sim.

Abin da gidanka ke buƙata ba shi da yawa kamar yadda talla ke nunawa. YouTube a 1080p na son wajen Mbps 5, a 720p rabin haka. Darasin bidiyo na son Mbps 2 zuwa 3 na ɗorawa, shi kuwa mutane ke mantawa da dubawa, sai malami ya riƙa cewa ba ya jin yaro. In sim ya ba ka Mbps 10 zuwa 15 da dare, kwana uku a jere, jinkiri kuma bai wuce 100 ba, ya wadatar. Wanda ya ba ka 60 da asuba ya faɗo 1 bayan isha'i bai kai wanda ya tsaya a 12 dare da rana ba. Ka kuma lura, Mbps da ake tallata gudu da shi daban yake da megan da ake sayar maka a forfe. Sai ka raba shi gida 8: layin Mbps 16 yana sauke mega 2 ne a daƙiƙa.

Sandunan rezo da ke saman waya ba sa faɗin gaskiya duka. A wayar Android ka shiga Paramètres, sannan À propos du téléphone, sannan État de la carte SIM, za ka ga ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi a gaba. A 4G, -80 zuwa -90 dBm mai kyau ne, -100 ana lallaɓawa, daga -110 zuwa ƙasa kuwa wahala ce. A shafin boks akwai wata lambar kuma, SINR, mai nuna tsabtar siginar daga hayaniya: sama da 13 ya yi, ƙasa da 5 akwai matsala. Amfanin waɗannan lambobi shi ne su gaya maka irin ciwon kafin ka sayi magani. In sigina -85 ne amma gudu na mutuwa da dare, turken ne ya cika, ko ka sayi eriya mai tsada ba abin da za ta ƙara, kamfani za ka sauya. In a tsakar gida -90 ne a ɗaki kuma -110, bango da rufin kwano ne suka tare, wannan kuwa ana gyara shi da sauya wurin boks ko eriyar waje. In sigina na da ƙarfi amma SINR na ƙasa, turaku da yawa ne ke cakuɗuwa a kanka, eriya mai fuskantar gefe ɗaya za ta ware maka guda.

Tunda ka ce rezo ba ya kamawa a ɗaki, bari in ɗan tsaya a kan eriyar waje. Ka duba bayan boks kafin ka saya, ka ga ko akwai ramuka biyu masu zare na ɗaura eriya. Biyu ake so, don 4G da hanya biyu yake aiki lokaci guda, in ka ɗaura ɗaya ka yar da wani kaso na gudun. Wayar eriya kuma tana shan sigina a hanya, musamman siririya mai araha. Mita 5 ya isa, in ta kai mita 15 abin da eriya ta tara ya zube kafin ya iso. Inda nisa ya yi yawa, gara na'urar da ake kafewa a waje gaba ɗaya, sim na cikinta, a jawo kebul na intanet zuwa ɗaki. Shi kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da asara ba, wutar na'urar ma ta cikinsa take bi. Duk abin da aka ɗora a kan ƙarfe a saman rufi, a haɗa ƙarfen da ƙasa da wayar tagulla, domin tsawar damina ta nan take shigowa ta ƙone boks har da talabijin.

Boks ɗin da kamfani ke sayarwa yawanci a kulle yake, sim ɗinsu kaɗai yake karɓa. Yana da sauƙin kuɗi, amma ranar da turkensu ya cika ka maƙale. Buɗaɗɗe na kasuwa ya fi tsada, sai dai ka sauya sim cikin minti ɗaya, ni kuma shi na fi ba da shawara ga wanda bai riga ya san unguwa ba. Ka sa mai shago ya gwada sim biyu na kamfanoni daban a gabanka. Ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinsa ko a kwali: ana son ya ɗauki band, wato zangon sigina, na 1, 3, 7, 8 da 20, waɗanda aka saba da su a Afirka da Turai. Na gwanjo da aka ƙera don Amurka da wasu lambobin yake aiki, irin su 2, 4, 12 da 13. Zai kunna, fitilu su kama, amma ya ƙi hawa 4G.

Sai lissafin data, inda kuɗi ke zurarewa. Kada ka yi ƙiyasi da ka. Kowace waya tana ajiye lissafin abin da ta ci a wata a cikin Paramètres, ka bi wayoyin shida ka tara. Sannan ka ƙara rabin jimlar a kai, don da zarar waya ta ga Wi-Fi sai ta saki jiki: ta sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna zuwa Google, ta ɗaga ingancin bidiyo da kanta. Talabijin a 720p na cin wajen giga 1 a awa, wato awa biyu kullum giga 60 ne a wata. Darasin bidiyo na iya kai giga 1 a awa. Kiran murya na WhatsApp ba ya kai mega 1 a minti, ba shi ne ɓarawon ba. Gida irin naka zai yi wuya ya tsaya ƙasa da giga 100 a wata, in an saki talabijin ma ya haura 150.

Da wannan lambar a hannu za ka kwatanta forfe. Ka raba kuɗin da yawan gigan da za ka iya amfani da shi da rana. A ce, don misali, forfe na sefa 10,000 an rubuta giga 40, amma 15 daga ciki na tsakar dare ne. Giga 25 ka saya, kowanne sefa 400. Ka tambayi kwana nawa yake yi, ko ragowar na bin ka zuwa wata mai zuwa in ka sabunta kafin ya ƙare, da abin da ke faruwa in ya ƙare a tsakiyar wata: yankewa yake yi, ko ya koma cin kiredin da ke kan sim da tsada. Kalmar illimité kuwa, wato marar iyaka, ka nemi a nuna maka ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinta. Sau da yawa akwai iyaka, a rana ko a wata, wadda in ka wuce ta ake rage gudu zuwa abin da saƙon WhatsApp kaɗai zai iya bi. Ka tambayi lambar iyakar da lambar gudun bayanta, ka rubuta su. A watan farko kada ka biya na wata uku ko da an yi maka ragi.

In fiba ta samu, abubuwan tambaya daban ne. Nawa ne kuɗin jawowa, kuma mita nawa na zare ya ƙunsa kafin a fara ƙirga maka ƙari? Na'urar da za a kafe a bango taka ce ko ta kamfani? In zare ya tsinke a titi, wa ake kira, kwana nawa gyara ke ɗauka, ana mayar maka da kwanakin da ka rasa? Amsar gaskiya kan gyara tana wurin maƙwabcin da ya shekara da ita, ka je ka gaishe shi ka tambaya. Ranar kafawa, ka ce ma'aikacin ya nuna maka awon hasken da ke isowa. Tsakanin -8 da -27 dBm ake so, in yana taɓa -27 tun ranar farko, to akwai haɗin da bai zauna ba ko lanƙwasa a hanya, a gyara kafin ya tafi. Zaren gilashi ne, kada a naɗe shi a ƙusa, kada ƙofa ta matse shi, kada yara su leƙa bakinsa don hasken ba ya ganuwa amma yana cutar da ido. In gidan haya ne, ka nemi izinin mai gida kafin a huda bango.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in babu wuta, kai ma ka san halin da ake shiga in ruwan madatsar Lagdo mai ba da wuta ya ja baya a rani. Abin daɗin shi ne boks ba ya cin wuta: volt 12 ne, wat 6 zuwa 10. Akwai ƙananan batura da ake sayarwa musamman don wannan, a jona su tsakanin soket da boks, wuta na ɗaukewa su karɓa ba tare da intanet ta yanke ba. Lissafin mai sauƙi ne. Batir mai volt 12 da 7Ah yana riƙe da wat-awa 84, irin na dalma kuma rabi ake ci in ana son ya daɗe, saura 42, ka raba da wat 7, awa shida ke nan. In kana da sola a gida, ka ja wa boks layin volt 12 ta na'urar daidaitawa maimakon ka kunna inbata dominsa kaɗai. Ka duba volt ɗin da aka rubuta a jikinsa da girman bakin caja kafin ka jona komai, cajar kwamfuta mai volt 19 tana kashe shi nan take. Turken kamfani ma da batir da janareta yake rayuwa, shi ya sa yana da kyau gwajinka ya haɗa da lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa. In rezo na ɓacewa bayan awa ɗaya da ɗaukewa, ka san abin da za ka riƙa gani duk rani.

Zafi kuma abokin gaba ne. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne su yi aiki har digiri 40, Garwa kuwa a Maris da Afrilu tana wuce haka a inuwa. Boks ɗin da ke kashe kansa yana kunnawa da tsakar rana, zafi ne ya dame shi. Kada a ɗora shi dab da rufin kwano, ko a kan talabijin, ko cikin kabad, kada kuma a lulluɓe shi da kyalle don tsoron ƙura. A sa shi a kan shiryayye mai tsayin mutum inda iska ke wucewa, a riƙa kakkaɓe ramukansa a lokacin hunturu. In gidan mai sassa ne, Wi-Fi na 2.4 GHz ya fi ratsa bango, na 5 GHz ya fi gudu amma ɗaki ɗaya ko biyu yake iyawa. Sashen da ke nesa a ja masa kebul a sa ƙaramar na'ura ta biyu.

Yanzu layin waya. Shawarata kada ka yar da tsohuwar lambarka. Ita abokan ciniki suka sani, a kanta asusun MoMo ko Orange Money yake, ita banki ke tura wa saƙo. Ka riƙe ta, ka ƙara ta biyu a kamfanin da ya fi kamawa a cikin ɗakinka, tunda yawancin wayoyi sim biyu suke ɗauka. Wajen zaɓa ka duba mutum goma da ka fi kira, layin da mafi yawansu ke kai shi zai fi maka sauƙi, don forfe na kira ya fi yalwa tsakanin 'yan layi ɗaya. Kuma ya fi kyau layin wayarka ya bambanta da na boks, ranar da turken wannan ya faɗi ka raba intanet daga waya. Sai dai ka san iyakar wannan dabara. Babbar fibar da ke haɗa Arewa da Kudu ta Camtel ce, sauran kamfanoni a kanta suke hawa, daga can kuma a shiga wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a Duwala, Limbe da Kiribi. In aikin hanya ya tsinke zaren a tsakani, ko aka samu irin abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Kodibuwa, layuka duka suna iya yin sanyi tare. A irin wannan rana boks ɗinka lafiyarsa lau, kada ka sake masa saiti.

Kowane sim, har na cikin boks, ka yi masa rajista da katin ɗan ƙasarka a ajans. Wanda aka saya a bakin titi da sunan wani, ranar da ya ɓata ko aka rufe shi ba ka da hujjar karɓo shi. Kada kuma ka sa sim mai asusun kuɗi a cikin boks, domin duk wanda ya shiga shafin boks ɗin yana karanta saƙonnin da ke shigowa. Wasu boks suna da ramin jona wayar tebur, abin da ke da amfani ga tsofaffi a gida, amma a da yawansu kira na shigowa sai na'urar ta sauka daga 4G, intanet ta tsaya har a gama magana. Ka gwada wannan tun a shago. In kana zuwa Kusiri ko wani garin bakin iyaka, ka mayar da zaɓin rezo na wayarka na hannu, don tana iya tsallaka Logone ta kama Airtel ko Moov na Injamena kana tsaye a Kamaru, a caje ka kuɗin ƙasar waje. Haka ma MTN na Najeriya, suna ɗaya ne amma layi daban.

Za a kawo maka maganar Starlink, intanet mai zuwa ta tauraron ɗan'adam. A Chadi an ba shi izini, yana aiki a can tun 2025. A Kamaru kuwa, a 2024 kwastam ta ba da umarnin kama kayansa da ake shigowa da su ba lasisi, don haka kada ka zuba kuɗi sai ART, hukumar da ke kula da harkar sadarwa, ta tabbatar maka ya halatta. Babban farantinsa kuma na cin wat 75 zuwa 100, ninki goma na boks, batirin da zai riƙe shi dare guda wani kuɗin ne daban.

Ranar da ka kunna boks, ka shiga shafinsa ta lambar da ke manne a ƙarƙashinsa, a na Huawei 192.168.8.1 ce. Ka sauya kalmar sirri biyu, ta shafin da ta Wi-Fi, ka zaɓi WPA2, ka kashe WPS. Baƙi ka buɗe musu layin baƙi daban, domin wayar Android tana nuna kalmar sirri da hoton QR ga duk wanda aka miƙa wa, da haka take zagaye unguwa. Ka saita YouTube na talabijin a 480p ko 720p, a kwamfutar yaron kuma a kunna Connexion limitée don Windows ta daina sauke sabuntawa mai giga-giga ba sallama. A mako na farko ka riƙa leƙa jerin na'urorin da ke haɗe kowane dare: wayoyi shida, talabijin, kwamfuta, takwas ke nan. In ka ga ta tara, ka sauya kalmar sirri. In kuma gudun ya faɗi ƙasa da abin da ka auna, ka ɗauki hoton awon da kwanan wata da lokaci, ka kai ajans, ka karɓi lambar ƙorafi a rubuce. Da wannan lambar da hotunan za ka wuce ART in ba a gyara ba.